Akantan Gidanmu

Duk wanda ya san ni a wannan sashe, da nahawu da nazarin waƙa ya san ni, kaɗan ne suka san cewa ba Hausa na fito nema ba a lokacin da na fara ƙwanƙwasa ƙofar jami'a. Akanta aka aiko ni in zama. Abin da ya tayar mini da wannan tsohon zance kuwa shi ne tambayar da ƙanwata ta yi mini a hutun da ya wuce, tana shirin cike takardar JAMB. Ta ce, "Yaya, wane kwas zan zaɓa in zama akanta?" Har na buɗe baki zan ce mata ai sunan kwas ɗin ya riga ya ba ta amsa, sai na tuna irin wannan amsa ce ta ci mini shekara biyu.

Mahaifinmu ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau. Allah ya ba shi ƙwaƙwalwar da takan riƙe yawan buhunan gero da dawa da ke sito, da la'adar dillalai, da kuɗin dako, da sunan duk wanda ya ɗauki kaya bashi, ba tare da ya taɓa alƙalami ba. Ina aji uku a sakandare wani yaronsa da ya daɗe a hannunsa ya yi ta karkatar da kuɗin ciniki, har abin ya fito fili. Da aka zauna gaban dattawan kasuwa domin a sasanta, sai aka ce Alhaji ya kawo littafi. Babu littafi. Kusan rabin uwar kuɗinsa ta tafi ke nan, kowa ya san gaskiyarsa, amma babu abin da zai ɗora a kan tabarma ya ce ga shaida. A daren nan ya kira ni ya ce, "Kai za ka karanta lissafin kuɗi. Ba za a sake yi mini haka ba ina da ɗa a makaranta."

To, a 2018 na zauna jarrabawa, na zaɓi kwas ɗin akanta, sai lissafi ya kayar da ni, ban sami kiredit ba. A 2019 na samo kiredit ɗin da ƙyar, amma makin shiga jami'a bai kai abin da sashen ke nema ba, domin kuwa masu rububin wannan kwas sun fi gurabensa yawa nesa ba kusa ba. A karo na uku ne tsohon malaminmu na Hausa ya ce in daina dukan ƙofar da ta ƙi buɗuwa, na sauya darussa, aka ɗauke ni nan. Da na kai wa Baba takardar, ya juya ta ya sake juyawa, sa'an nan ya ce, "Hausar da muke yi a gida?" Ya sa albarka, bai ƙara ba. Da ya yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Sai da na shiga aji biyu na gane inda muka yi kuskure, ni da shi baki ɗaya. Wani abokin ɗakina mai karatun akanta ne ya fahimtar da ni cewa digiri daban, shaidar ƙwarewa daban. Jami'a tana ba da digiri, amma ba ita ke naɗa mutum ƙwararren akanta ba. Wannan aikin ƙungiyoyin sana'ar ne, wato ICAN, wadda dokar majalisa ta kafa a 1965, da kuma ANAN, wadda aka kafa a 1979, ta sami amincewar doka a 1993, tana kuma da kwalejinta a Kwall kusa da Jos. Wanda ya yi digirin akanta a sashen da ICAN ta amince da shi, akan yafe masa wasu takardu daga jarrabawarta, ya ɗora daga sama. Wanda ya karanta wani fanni dabam, ko da Hausa ce, ba a kore shi ba, sai dai ya faro daga matakin tushe. Abin da ya fi ci mini rai shi ne jin cewa akwai tsarin da ake kira ATS, wanda mai kiredit biyar na sakandare, haɗe da Ingilishi da lissafi, zai iya shiga tun bai taka jami'a ba. Ke nan tun 2019 hanya a buɗe take, ina zaune a rumfa ina ƙirga buhu ina ganin duniya ta ƙare. Shi kansa Akintola Williams, ɗan Nijeriya na farko da ya zama ƙwararren akanta, digirin kasuwanci ya yi a Jami'ar Landan, daga baya ya ci jarrabawar sana'ar a Ingila a 1949. Ya rasu a 2023 yana da shekara 104.

Saboda haka abin da na gaya wa ƙanwata shi ne ta sa akanta a zaɓinta na farko, tun da kanta yana ja a lissafi, kuma hanyar ta fi gajarta, amma kafin ta rubuta sunan makaranta ta bincika ko ICAN ta amince da sashen. Na ce kada ta raina babbar difiloma ta kwalejin kimiyya da fasaha, ita ma tana kai mutum ga jarrabawar. In kuwa aka ba ta tattalin arziki ko harkar banki a maimakon abin da ta nema, ta karɓa, kada ta zauna gida jiran suna. Na kuma faɗa mata abin da ba a cika faɗa ba: bayan digiri akwai kuɗin rajista da na jarrabawa, akwai karatun dare bayan an taso aiki, akwai kuma shekarun koyon aiki a hannun ƙwararre ga mai son buɗe ofishin kansa. Gara Baba ya ji wannan lissafin tun yanzu.

Ni kuwa, ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ne ya mayar da ni rumfa ta wata ƙofa. Ciniki ya koma ta waya, kuɗi na shigowa ba a ganin su, ƙwaƙwalwar Baba ta kasa riƙe abin da hannunsa bai taɓa ba. Na sayi babban littafi, na raba shafi biyu, kuɗin shiga a gefe, kuɗin fita a gefe, na buɗe wa masu bashi nasu shafin. Da Hausa na rubuta komi, domin in na karanta masa ya gane, ya kuma kama ni in na yi kuskure, ya kuwa sha kama ni. A nan ne ma na lura cewa jari da riba da faɗuwa da la'ada duk muna da su a bakinmu, amma har yau ban sami kalmar da ta gamsar da ni ba ta raguwar darajar kaya saboda daɗewa, irin ta ma'auni ko motar ɗaukar hatsi. Na kai maganar gaban malaminmu na fassara, muka yi rabin sa'a muna ja.

Ranar da zan dawo makaranta, ƙanwata ta karanta wa Baba abin da ta cike. Ya saurara har ta gama, sa'an nan ya dube ni ya ce, "Ita wannan jarrabawar da ka ce ba ta korar mai Hausa, nawa ne kuɗinta?" Na ce zan tambayo. Ya ce in rubuta a littafi, a shafin kuɗin fita.