Gindin faranti

Shekara tara ke nan ina tara tsofaffin farantan tangaran na Jamus, irin waɗanda ake kira majolika. Yumbu ne ake zubawa a cikin ma'auni mai zane, a fito da ganyen inabi ko furen ruwa a tashe, a shafe shi da ruwan gilashi mai launi, a mayar tanderu. Launin yakan taru a cikin kwarin zanen ya yi duhu, ya yi haske a kan tudu, shi ya sa kore ɗaya ke zama kala uku a ido.

Ni 'yar Damagaram ce, inda jeren amarya ke faɗin ko ita wace ce, don haka kwanon da ake ajiyewa don kallo ba baƙo ba ne a wurina. Majolika ma kusan haka take, domin tsohon shafenta na da dalma, kuma idan ya yi tsatsattsage ba a zuba masa abinci mai tsami.

A kasuwar gwanjo ta ranar Asabar, kafin in dubi zane sai na kifa farantin. Tambarin da ke gindinsa shi ke ba da labari. Mafi yawan nawa daga Schramberg suke, wani gari a yankin Baƙin Daji. An kafa masana'antar a 1820, kamfanin Villeroy & Boch ya saye ta a 1883, sannan a 1912 ta koma hannun wasu 'yan'uwa biyu Yahudawa, Moritz da Leopold Meyer. A 1938 gwamnatin Nazi ta tilasta musu rabuwa da ita. Bayan yaƙi iyalin suka karɓi abinsu, aka ci gaba da aiki har aka rufe a 1989.

Saboda haka haruffan SMF ba su isa su gaya mini komai ba sai na san shekarar. Faranti biyu na iya zama iri ɗaya a fuska, ɗaya an gasa shi lokacin da masu wurin ke cikin ofishinsu, ɗayan kuwa lokacin da suke gudun hijira. Duka biyun ina ajiyewa, amma a bayan kowanne ina manna 'yar takarda da abin da na gano, don wanda zai gaje su kada ya tsaya ga furen kawai.