Mai fuka da maganin barci

Akwai wani yaro ɗan aji huɗu a wani ƙauye kusa da Illela. Yana da ciwon fuka. In hunturu ya kama, ƙura ta tashi, sai ƙirjinsa ya riƙa kuka kamar usur. Ana nan sai gwaiwa ta fito masa. Aka ce sai an yi masa aiki a asibitin Galmi, wanda aka buɗe tun 1950.

Uwarsa ta kwana ba ta runtsa ba. Ta ji ana cewa in an ba mai fuka maganin barci, ba ya farkawa. Wata maƙwabciya ta ce mata: "Ƴar'uwa, kada ki faɗi zancen fuka, sai su ƙi yi masa aiki."

Da safe suka shiga mota, suka wuce Malbaza, suka isa Galmi. Likita ya ce: "Inna, yaron yana da wani ciwo?" Ta yi jim, sannan ta ce: "Likita, yana da fuka."

Likita ya ce: "Madalla da kika faɗa." Ya tambayi ranar da ciwon ya tashi na ƙarshe, da maganin da yake shaƙa. Ya saurari ƙirjinsa, ya ji akwai mura.

Ya yi mata bayani. Lokacin aiki, akan sa ɗan bututu cikin maƙogwaro don numfashi. Hanyoyin iska na mai fuka ba su son taɓi. Suna iya tsukewa, musamman in akwai mura ko hayaƙi. Amma in fuka ta kwanta, haɗarin kaɗan ne. Akwai ma magungunan barci, kamar ketamin, masu buɗe hanyoyin iska.

Aka ɗaga aikin har mura ta warke. Yaro ya nisanci hayaƙin murhu. Ranar aiki ya bar cin abinci tun awa 6 kafin lokaci. Aka ba shi salbutamol ya shaƙa. Mai ba da maganin barci ya tsaya kansa, yana lura da numfashinsa.

Da la'asar yaro ya buɗe ido, ya ce: "Inna, ƙishirwa nake ji." Ta yi hamdala. Da suka koma gida, maƙwabciyar ce ta fara zuwa barka. Uwar ta zaunar da ita, ta maimaita mata abin da likita ya ce.