Da Jar Akuya Tsakanin Boɗinga da Shagari

Wanda ya bar Sakkwato ya nufi kudu a tsakiyar bazara, da ya wuce Boɗinga zai ga ƙasa ta sauya kama: jan tsakuwa, tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, da ƙayoyi jefi-jefi. Matafiyi yakan tuna da Sifawa, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ko ya ƙosa ya isa Shagari, mahaifar shugaban ƙasa na 1979. Ni kuwa garken jajayen awaki ne ya tsayar da ni a gindin wani tudu.

Dattijon da ke korar su yana hanyarsa ta komawa mashekari kafin ruwa ya sauka. Na ce, "Baffa, me suke ci a wannan fako?" Sai ya nuna mini sama da sandarsa. Tunkiya da saniya ƙasa suke duba, akuya kuwa sama take nema. Na ga wata ta miƙe a kan ƙafafun baya tana tsinkar ganyen aduwa tsakanin ƙaya, wasu sun haye dutse suna tuƙa, wata tsohuwa tana gaba sauran na bin ta. Ya ce ita ce ta san mashaya, domin akuya ta yi wayo da yankakken kunne.

Lafiyar akuya a tafiya tana rataye da itace. Gawo yakan yi ganye da 'ya'ya da rani, lokacin da ciyawa ta ƙone, magarya da bagaruwa su cike giɓi. Abin da ta tsana shi ne ruwan sama da danshi, masu kawo ciwon kofato da tsutsar ciki, shi ya sa makiyayi ke kwantar da garke a kan tudu. Cikinta wata 5 ne, sau da yawa tagwaye take haifa, kuma ɗan da aka haifa a hanya a kafaɗa ake ɗaukarsa.

Wannan akuya ba baƙuwa ba ce a tarihi. Fatarta, wadda majema ke jemewa da 'ya'yan bagaruwa, ita ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. A Nijar akuyar Maraɗi ake ce mata.

Amma hanya ta ƙuntata. Gonaki sun cinye burtali, duk da dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965. Masu itace da gawayi sun sare itatuwan da take miƙewa a jikinsu. A gefen gari leda take haɗiya, ta taru a tumbi, ta rame alhali cikinta a kumbure. Ga kuma annobar mura da zawo da ake kira PPR, wadda duniya ta ƙudura kawar da ita nan da 2030, alhali allurar rigakafinta a gari ake yi, garke kuwa yana daji.

Ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari, tare da sarakunan gargajiya, za su iya sake shata burtali, su hana sarar gawo, su kai allura mashaya a lokacin da garke ke wucewa. Da na yi wa Baffa sallama, tsohuwar akuyar ta riga ta kai kan tudu, tana jiran sauran.