Ashe da Mu Ake

Mu uku, ma'aikatan jinya daga zango, muka halarci taron likitoci a Kumasi kan rigakafin hawan jini. Mun je ne mu koyo wa jama'a, ashe da mu ake. Da aka auna mu, jinin biyu ya haura 140/90, alhali ko ciwon kai babu. Nan muka tuna iyayenmu da suka yanke jiki suka faɗi, aka ce iska ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da na magi. Motsa jiki kuwa, minti 150 a mako.

Yanzu da ƙafa muke zuwa aiki, magi ya ragu a miya. 'Yan'uwa, a je a auna. Allah Ya ba mu lafiya, amin.