Kafin ku sauya masai, ku lissafa ruwan da zai sha

Yau zan taɓo maganar da ba a cika yi a bainar jama'a ba, wato masai na zamani da ke cikin banɗakunanmu. Kunya ce ke hana mu zancensa, amma duk wanda ke zaune a Legas, Ibadan, Fatakwal ko unguwannin gefen Abuja irin su Nyanya da Kubwa ya san ruwa kuɗi ne. Ko dai a saya a hannun 'yan garuwa, ko a ƙona fetur a janareto don a tura na burtsatse zuwa tanki. A gidan da ke da masai na zamani kuwa, da wuya a samu abin da ya fi shi shan ruwa.

Ku zo mu yi lissafi tare. Tsohon masai mai ƙaton tanki yakan zubar da lita 9 zuwa 13 a kora ɗaya. Na yanzu mai madanni biyu, babban madannin lita 6 yake saki, ƙaramin kuma lita 3. A ce gida na da mutum shida, kowa yana kora ruwa sau biyar a yini. Da tankin lita 12, an zubar da lita 360 ke nan, fiye da jarka 14 mai cin lita 25. Da mai madanni biyu, idan kowa ya danna babban sau ɗaya, ƙaramin sau huɗu, lita 108 ce kacal, jarka huɗu da 'yan kai. Bambancin jarka goma ne kullum, kimanin jarka 300 a wata. Ku ninka da kuɗin jarka a unguwarku, za ku ga kuɗin da kuka biya a kasuwa somin-taɓi ne, ainihin kuɗin masai kullum ake biyansa.

Ba mu kaɗai muka damu da wannan ba. A Ostireliya, ƙasa mai fama da fari, kamfanin Caroma ya fito da nasa mai madanni biyu a 1980. A Amurka kuma, dokar da aka yi a 1992 ta ƙayyade wa sabbin masai kimanin lita 6 a kora ɗaya. Idan waɗanda famfonsu bai cika ɗaukewa ba suna tattalin ruwa haka, ina ga mu da ake turo mana shi a kura?

Mu a gidan haya muke a Agege, kuma banɗakinmu idan na miƙa hannuwana biyu sai in taɓa bango da bango. Bara tankin masanmu ya tsage, maigidana ya kira wani dattijo mai gyaran famfo. Da na ce masa gobe za mu shiga kasuwa, sai ya zaro tef ɗin awo daga aljihu ya ce: "Hajiya, a fara tambayar ƙasa da bango tukuna, su za su faɗa mana wanda za a sayo." Abin da na koya daga wajensa shi zan raba da ku.

Da farko, ku duba inda bututun fitar da ƙazanta yake. Wani masai ta ƙasa yake fitarwa, wani ta bango. 'Yan kasuwa na kiran na farko S-trap, na biyu P-trap, kuma ya kamata ku riƙe sunayen don kada a haɗa ku da wanda bai dace ba. Idan ta ƙasa ne, ku auna daga bango zuwa tsakiyar ramin. Idan ta bango ne, ku auna daga daɓe zuwa tsakiyar bututun, wanda galibi yakan kai santimita 18. Ku rubuta a takarda, ku ɗauki hoto a waya. Masan da bai zauna daidai kan bututunsa ba, sai an fasa tayil an saki sabon aiki, ko kuma a like shi da siminti ya riƙa tsiyayar ruwa da wari.

Na biyu, fili. Masai na yau da kullum yakan fito kimanin santimita 70 daga bango, amma akwai gajeru masu santimita 60 zuwa 65 da aka yi domin ƙananan banɗakuna. Wannan tazarar da ba ta kai taƙi ɗaya ba ita ke sa ƙofa ta buɗe ko ta daki masai. A bar kusan santimita 60 a gaba saboda gwiwoyi, a gefe kuma kusan 40 daga tsakiyar masan zuwa bango. Mu da muke tsarki da ruwa, filin gefen nan ba ado ba ne, nan buta ke zama, nan hannu ke motsi. Dattijon nan da alli ya zana girman sabon masan a daɓe, ya sa muka buɗe ƙofa muka rufe, muka tsaya muka juya, kafin ya yarda da awon. Akwai kuma wanda ake maƙalawa a bango a ɓoye tankinsa ciki. Yana da kyau a ido, yana rage cin wuri, amma sai an fasa bango, don haka ban ba mai zaman haya shawararsa ba. Wanda kuma zai sauya wa masai mazauni gaba ɗaya, ya tuna da alƙibla tun kafin a zuba siminti.

Na uku, ƙarfin kora. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Masan da sai an danna sau biyu ko uku kafin ya wanke, ya cinye ribar da aka saye shi dominta. A shago ku zura hannu cikin maƙogwaronsa, ku ji ko yana da faɗi, kuma santsin tangaran ya kai har ciki. Mai kaushi yana riƙe ƙazanta. Za ku ga wasu masu lita 4.5, amma idan gidan tsoho ne kuma bututunsa ba shi da gangara sosai, ruwa kaɗan ba ya iya tura ƙazanta har sokawe. A irin wannan gida mai lita 6 da 3 ya fi kwanciyar hankali.

Na huɗu, kayan cikin tanki. Tangaran yakan yi shekaru da yawa, amma roba da madanni su ke fara mutuwa. Ko a kasuwar Odunade da ke Coker a Legas za ku saya, ko a Dei-Dei ta Abuja, ku tambayi mai shago ko ana samun kayan gyaransa, ku ce ya nuna muku a hannu. Bayan an ɗaura, ku ɗiga bula a cikin tanki, ku jira minti 20 ba tare da an kora ba. Idan shuɗi ya bayyana a ƙasa, robar na yoyo. Irin wannan yoyon ba ya ƙara, amma dare ɗaya yana iya rage muku tankin sama.

Wasu za su ce me zai hana a koma na tsuguno? Lallai ya fi araha, bai cin wuri, kuma da ruwan bokiti kaɗan yake wankuwa. In shi kuka zaɓa, ku tabbatar yana da lanƙwasar nan mai riƙe ruwa a ƙasa, domin ita ke tare wari da kyankyasai. Sai dai ku dubi mutanen gidanku. Surukata takan zo daga Katsina ta yi mana watanni, kuma tana fama da ciwon gwiwa, tsuguno azaba ne a wajenta. Haka mai tsohon ciki da wanda aka yi wa tiyata. Saboda ita muka tsaya kan na zama. Tsayinsa yakan kai santimita 40, akwai kuma mai 45 da ya fi sauƙin tashi ga tsofaffi. Yara sai a ajiye musu 'yar kujera su ɗora ƙafa.

Abin da ya sa na kawo wannan magana filin lafiya shi ne, idan ruwa ya yi tsada, kora masai ake fara yi wa rowa. Sai a ce wa yara a bari ya taru. Daga nan ƙudaje sun samu wurin zama, kuma kwalara da taifod ta hanyar bayan gida suke kaiwa ga hannu, abinci da ruwan sha. Masan da lita 3 ke isarsa ba ya sa uwa ta yi fargabar korawa, kuma ruwan da ya ragu sai ya koma wajen wanke hannu da sabulu. Sokawe ma ba ya saurin cika, wanda masu zama a unguwannin da ruwa ke kwanciya da damina sun san darajarsa.

In gidan haya kuke, ku zauna da mai gida kafin a taɓa komai, a rubuta wanda zai biya da abin da za a cire daga kuɗin haya. Wanda kuma ba shi da halin sauyawa yanzu, ya cika gorar lita ɗaya da ruwa ya rufe, ya ajiye ta a cikin tsohon tankin inda ba za ta taɓa madanni ba. Kowace kora ya rage lita ɗaya. Ruwan wanki ma a tara a bokiti mai murfi don kora masai, a ajiye shi inda masu rarrafe ba za su kai ba.

Don haka ranar da za ku shiga kasuwa, ku tafi da takardar awonku, ku tambayi lita nawa yake saki, ku tambayi kayan gyaransa, launi da ado su zo daga baya.