Kwamfutata Mai Barcin Gaiwa



Ni magatakarda ne na wata ƙungiyar masu noman rake da garka a ƙasar Matamaye. Ni ke rubuta bashin taki da na iri. Ƙanena ya kawo mini wata tsohuwar kwamfuta daga Kano, irin wadda ake ninkewa a sa cikin jaka. Aikinta lafiya lau, sai dai batirinta ya mutu. In ba a jona ta da wuta ba, ko motsi ba ta yi.

A watan Agusta na 2023 Nijeriya ta yanke wutar da take ba ƙasarmu. Ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Kun tuna yadda wuta take zuwa tana tafiya a lokacin.

Wata rana da hantsi na rubuta sunayen waɗanda suka biya. Na ninke kwamfuta, na tafi sallar azahar. Kafin in dawo an ɗauke wuta. Da ta dawo na kunna, babu suna ko ɗaya. Wani dattijo ya ce ya biya buhu biyu, ni kuwa ɗaya na tuna. Muka yi ta gardama gaban mutane. Daga baya ta bayyana shi ke da gaskiya. Kunyar ranar nan har yau ina jin ta.

Na kai ta wurin wani yaro mai gyara a Damagaram. Ya ce barcin kwamfuta iri biyu ne.

Na farko gyangyaɗi ne. A allo an rubuta shi "veille". Aikinka yana nan a buɗe, kamar hatsin da aka shanya bisa tabarma. Wuta ƴar kaɗan ce ke riƙe da shi. Ta yanke, ya tafi. Wannan ne ya cuce ni.

Na biyu shi ne "veille prolongée". Nan kwamfuta takan kwashe duk abin da ke buɗe ta zuba cikin rumbunta, sannan ta mutu gaba ɗaya. Ba ta bukatar wuta ko kaɗan. Da na ji haka sai na tuna gaiwa. Tabki ya ƙafe, ta shige cikin laka, ta kwanta har ruwa ya sauka.

Yaron ya shiga wurin da ake tsara sha'anin wuta, ya gyara maɓallin kunnawa. Yanzu in na danna shi sau ɗaya, sai ta yi dogon barcin. In jira fitilarta ta mutu, sannan in zare waya. Ko bayan mako na kunna, ina iske aikina inda na bar shi.

Amma kada wani ya ruɗe. In wuta ta yanke kana tsakar rubutu, wannan dabara ba ta ceton ka, don kwamfutar ba ta samu lokacin kwashe kayanta ba. Saboda haka duk suna biyar na rubuta, sai in danna Ctrl da S, su ajiyu. In zan tashi, ko alwala ce, sai na kwantar da ita. Haka in na ga hadari ya taso.

Dattijon nan kuwa har yanzu bai yarda da ita ba. Duk ran da ya biya, sai ya tsaya na rubuta masa a takarda, ya ninke, ya sa cikin hularsa.