Ziyarar Tamawa da Maganar Takin Gwamnati

A tsakiyar damina na bi hanyar da ta tashi daga Katsina zuwa Dutsin-Ma, na ratsa ƙasar Kurfi, na sauka Tamawa wurin wani tsohon almajirina. Ƙasa ce mai rairayi, ta gero da dawa da wake da gyaɗa. An daɗe ana nomanta, har ta kai ba ta bayarwa sai an ba ta.

Bayan La'asar muka zaga gonaki. Na ga biyu suna maƙwabtaka: geron ɗaya ya yi duhu ya haura ƙugu, na ɗayar kuwa ya yi ɗorawa-ɗorawa, bai wuce gwiwa ba. Mai ta biyun, dattijo ne, ya shaida mini cewa an rubuta sunansa cikin masu samun takin rangwame, amma har aka gama maimai bai gan shi ba. Taki kuwa lokaci gare shi. In ya iso bayan gero ya fid da kai, ya zama ihu bayan hari.

Wannan tallafi ba sabon abu ba ne. A 1976 Gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa shirin ciyar da ƙasa, aka sayar da takin zamani da rahusa. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan gona, aka koma aika wa manomi saƙo ta wayarsa, ya je ya karɓi buhu 2 a rabin kuɗi, don a kauce wa masu tsayawa a tsakani. A 2015 kuma Shugaba Buhari ya buɗe shirin rancen manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi, wanda shi bashi ne, biyansa wajibi, ko da wasu sun ɗauke shi kyauta. Shirye-shirye sun yi ta sauyawa, amma tambayar dattijon nan ɗaya ce: shin buhun zai iso hannunsa kafin lokaci ya wuce?

To, jama'a, ta hannunku yake biyowa, ku ma'aikata da 'yan kasuwa. Kuɗin rangwamen nan na baitulmali ne, watau dukiyar al'umma. Ma'aikacin da ya cusa sunan wanda bai taɓa riƙe fartanya ba ya ci amana. Ɗan kasuwar da ya sayi buhun, alhali ya san an karkato shi ne, ya yi tarayya cikin zunubin.

Kuma cutar ba ta tsaya ga manomi kaɗai ba. Hatsin da ruwan sama ya shayar, in ya kai wasaƙi 5, watau sa'i 300, ana fitar da ushirinsa zakka. Gonar da aka hana taki ba lalle ta cika nisabi ba. Ashe wanda ya karkatar da buhu guda ya taɓa rumbun manomi, ya kuma taɓa rabon miskini da matafiyi da wanda bashi ya danne.

Na baro Tamawa da hantsi, dattijon yana ɗora takin gida a bayan jaki, don kada gonar ta tashi a banza. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu fita haƙƙin bayinsa, amin.